Sunan Dillali a Cikin Ƙunshi: Tarihin La'ada a Kasuwannin Minna

Duk garin da baƙi suka yawaita a kasuwarsa, inda mai kaya bai san harshen mai kuɗi ba, mai kuɗi kuma bai san asalin mai kaya ba balle ya amince ya ba shi kafin alƙalami, to, babu makawa sai wani na uku ya tsaya tsakaninsu, wanda ya san wannan ya kuma san wancan, ya san abin da kasuwa ta faɗa jiya da abin da ake zaton za ta faɗa gobe. Wannan shi ne dillali, abin da ake sallamarsa da shi kuwa shi ne la'ada. Amma sana'ar tasa tana da wani rauni a cikin asalinta, wanda ba a samunsa a ƙira ko jima ko saƙa, domin maƙeri yana iya riƙe fartanya a hannunsa har sai an biya shi, alhali kuwa hajar dillali sani ce kawai, kuma da zarar ya buɗe baki ya ce wane yana da saniya, wane kuma yana nema, hajar ta fita daga hannunsa, ba ta komowa. Saboda haka tun fil azal babbar mas'alar dillalai ita ce yadda za su tsare haƙƙinsu daga wanda zai zagaye su bayan sun gama aiki, da kuma wanda zai faɗo a ƙarshen ciniki ya ce shi ne ya haɗa.

Minna tana daga cikin garuruwan da wannan mas'ala ta fi bayyana, saboda yadda aka kafa ta. Asalinta mazaunin Gwari ne, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, suna zaune bisa dutsen Paida da kewayensa, suna noman doya da dawa. A shekarar 1907, zamanin Gwamna Girouard, Turawa suka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro, a bakin kogin Kwara, da nufin kai ta Kano, hanyar ta biyo ta gindin wannan dutse, ta isa Kano a 1911. Sa'an nan aka jawo hanyar Ikko, wadda ta biyo ta Jebba da Zungeru, hedkwatar Jihar Arewa ta wancan lokaci, aka haɗa ta da ta Baro a nan Minna, sai wurin ya zama mararraba, duk abin da zai hau daga Ikko zuwa Kano ko ya gangara daga Kano zuwa Ikko ta jirgi, tilas ya ratsa ta. Leburori da 'yan kwangila da akawuna suka taru, Nupawa daga Bida, Hausawa daga Kano da Katsina da Zazzau, Yarbawa daga Ilori da Ogbomosho, daga baya Inyamurai, unguwanni irin su Limawa da Kwangila da Ƙetaren Gwari da Sabon Gari suka tsiro a ƙasan dutsen. Gyaɗa da auduga da kaɗanya da doya suka riƙa taruwa a tasha. Manomin da ya sauko da kayansa daga Kuta ko Paiko ba ya jin Yarbanci, falken da ya sauka daga jirgin Ikko kuma ba ya jin Gwaranci, ashe kuwa dole a nemi mai haɗawa, kuma da Hausa aka yi haɗin.

Hausawan da suka zo ba su ƙago dillanci a Minna ba, sun zo da shi ne a shirye, da dokokinsa da ladubbansa, daga tsohuwar hanyar fatauci ta Gwanja, wadda ayarin Kano suka yi shekaru aru aru suna bi zuwa Salaga domin sayo goro. A kan wannan hanya kowane zango yana da fatoma, watau mai masaukin fatake, shi ne yake saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillalan gidansa, ya kuma tsaya masa lamuni idan an sayar bashi. La'adar da aka samu ana raba ta tsakanin fatoma da dillalinsa bisa al'adar da kowa ya sani. A cikin wannan tsari akwai kariya ta farko, kuma mai ƙarfi, domin baƙon da ya ci tuwon gidan mutum, ya kwana a zaurensa, kayansa suna kulle a ɗakin ajiyarsa, ba shi da hanyar da zai sulale ya sayar a ɓoye, in ma ya sami hanyar, to, ya rufe wa kansa ƙofar wannan gari, domin labari zai riga shi isa zango na gaba. Da jirgi ya karkatar da cinikin goro daga Gwanja zuwa ƙasar Yarbawa, sai tsarin ya bi layin dogo, ya zauna a Shagamu da Agege da Sabon Ibadan, ya kuma zauna a tashoshin da ke tsakani, har da Minna.

Akwai wata shaida daga Kano wadda na daɗe ina ganin ta fi kowace bayyana hikimar magabatanmu a wannan babi. Baturen nan matafiyi, Hugh Clapperton, ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, ya zaga kasuwar Kurmi, ya rubuta abin da ya gani. Daga ciki ya ambata cewa idan aka sayi riga ko turkudi a ƙunshe, aka tafi da shi har Barno ko wata ƙasa mai nisa ba a kwance ba, sa'an nan aka kwance aka tarar da algus, to, sai a komo da shi Kano, domin sunan dillalin da ya yi cinikin yana rubuce a cikin kowane ƙunshi, kuma wajibi ne a kansa ya nemo mai kayan, mai kayan kuma ya mayar da kuɗi. A dubi wannan da kyau. Sunan da ke cikin ƙunshin nan aiki biyu yake yi a lokaci guda: shi ne hujjar dillali cewa cinikin nasa ne, la'adar tasa ce, shi ne kuma igiyar da za a jawo shi da ita ranar da kaya suka ɓaci. Babu wanda zai yi sha'awar kankare sunan wani ya rubuta nasa domin ya ci la'adar wuri kaɗan, alhali ya san bayan wata shida ana iya sallama a ƙofar gidansa da riga daga Kukawa, a ce ya nemo masaƙin da bai taɓa gani ba. Alhakin da ke rataye da sunan shi ne ya tsare sunan daga ɓarawo.

Malamai kuma ba su bar al'amarin ga al'ada kaɗai ba. Imamul Buhari ya keɓe babi a kan ladan dillanci a cikin littafin ijara na Sahihinsa, inda ya kawo cewa Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahim da Hasanul Basari ba su ga laifinsa ba, ya kuma kawo halaccin mai tufa ya ƙayyade wa dillali farashi, abin da ya hau kai ya zama nasa, daga Ibnu Abbas, Allah ya yarda da su. Fuƙaha'un Malikiyya suka sanya mafi yawan dillanci a ƙarƙashin babin ji'ala, watau ladan da ake alkawartawa a kan cikar aiki, ba a kan kwanakin da aka ɓata ba, suna kafa hujja da ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salamu, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya zo da ma'aunin sarki. Har wani malamin ƙasar Tunis, Abul Abbas al-Ibyani, wanda ya rasu a shekara ta 352 bayan Hijira, an tattara amsoshinsa a littafi guda a kan mas'alolin dillalai kaɗai, abin da ke nuna cewa rigimar da ke tsakanin mai tufa da dillali da mai saye ta kai shekara dubu tana zuwa gaban malamai. Ji'ala kuwa tana da wani hatsari ga mai aiki, tun da ba a biyansa sai aiki ya cika, mai kaya marar tsoron Allah yana iya jira sai dillali ya kawo mai saye, ya ce ya fasa, gobe ya je ya sayar wa mutumin nan da kansa. Wannan hila ce, kuma hila ba ta halatta haram. Wanda ya amfana da aikin ɗan'uwansa bai kuɓuta daga haƙƙinsa ba don kawai ya sauya ranar ciniki.

Game da mai faɗowa a ƙarshe kuwa, Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda babu makarantar zaure a ƙasar Hausa da ba a karanta ta, ta yi bayanin hanin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi na mutum ya yi tayi a kan tayin ɗan'uwansa, ta kuma bambance lokaci: a farkon ciniki, kaya suna fili, kowa yana da ikon tayawa, amma idan mai saye da mai sayarwa sun karkata ga juna, sun kusa daidaitawa, shiga tsakaninsu haramun ne. Da wannan ma'auni sarakunan kasuwa da sarakunan dillalai suka riƙa raba gardama, ko waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba, domin hukuncin ya riga ya narke cikin al'ada.

Wanda yake son ganin ragowar wannan tsari da idonsa, sai ya tafi kasuwar doya a Gwada ko Paiko lokacin da sabuwar doya ta faɗo. Zai tarar an jera ta tsibi tsibi, kowace ƙwarya ɗari, manya daban, matsakaita daban, manomi yana tsugune a gefe bai ce uffan ba, domin ya riga ya damƙa bakinsa ga dillalinsa. Mai saye ya zo daga Ikko ko Kano ko Sakkwato, shi ma da nasa mutumin. Sai a ɗaga doya ɗaya a juya ta, a duba gindi ko akwai ruɓa, a ce, «Nawa?» Dillali ya ce, «Taya.» A taya, ya ce, «Albarka.» A ƙara, ya sake cewa albarka, ya koma gefe ya yi raɗa da manomi, ya komo, har a kai inda zai ce, «An sallama, Allah ya ba da riba.» Duk wannan a bainar jama'a ake yinsa, 'yan dako suna tsaye suna jira a ce su loda, mai shayi yana ji, dillalan maƙwabta suna ji. Idan bayan haka wani ya zo ya ja mai saye gefe ya ce yana da mai rahusa, ko manomi ya yi ƙoƙarin karɓar kuɗinsa ta bayan fage domin ya tsere wa la'ada, shaidu sun fi ashirin, kuma kafin la'asar magana ta isa gaban sarkin kasuwa. Haka abin yake a kara, a Mariga ko Beji, inda dabbar da aka ɗaure a turken wani dillali ba mai sayar da ita sai da saninsa. Hukuncin ba ya wuce a biya la'adar, wani lokaci da tara, amma abin da aka fi tsoro shi ne a daina yi da mutum, domin ɗan kasuwar da dillalai suka juya wa baya, kayansa sai su kwana a rana.

Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969, daga cikin abin da ya bayyana akwai yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi, na kuɗi masu yawa, babu takarda babu kotu, sai lamunin mai gida da sanin da dillalai suka yi wa kowane mahauci, wanda ke biya da wanda ke taurin bashi. Masaniya Polly Hill ma ta rubuta irin wannan game da masu masauki da dillalan Kumasi a 1966. Ashe la'ada ba kuɗin nuna hanya ba ce kurum, kuɗin ɗaukar hatsari ce.

Ba na cewa dillalan da duk salihai ne. A cikinsu akwai mai najashi, wanda zai sa abokinsa ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, akwai mai tare manomi a hanya kafin ya san farashin kasuwa, abin da hadisi ya hana a sarari, akwai kuma wanda zai sayar goma ya ce wa mai kaya takwas, sa'an nan ya miƙa hannu a ba shi la'ada. 'Yan barandan gyaɗa na zamanin kamfanonin Turawa, irin su John Holt da UAC, sun bar wa manoma tabo game da sikeli wanda har yau tsofaffi ba su manta ba. Irin waɗannan su ne suka koya wa mutane zagaye dillali, har wasu suka ɗauka yin haka wayo ne, ba zalunci ba.

Abubuwa biyu suka sassauta tsohon ɗaurin. Na farko, da Janar Murtala Muhammad ya ƙirƙiro Jihar Neja a watan Fabrairu na 1976, Minna ta zama babban birni, ma'aikata suka kwararo, gari ya miƙe zuwa Tunga da Bosso da Chanchaga da Kpakungu da Maitumbi, sai dillanci ya koma kan filaye da gidajen haya da motoci, hajojin da ba a jera su a kasuwa a gaban shaidu. A nan ne 'yan kayi-na-yi suka yawaita, fili ɗaya dillali biyar, kowa ya ji daga bakin wani, ranar biya kuwa a rasa wanda ya haɗa da wanda ya raka. Na biyu, wayar salula da ta fara yaɗuwa a Nijeriya daga 2001. Dillali ya yini yana yawo da mai neman gida a bayan babur, ya nuna masa na Tunga bai yi ba, ya nuna masa na Bosso ya yi, mai neman ya faki idonsa ya karɓi lambar mai gida, da dare su gama magana su biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba don komai dillalan gidaje suka fara karɓar kuɗin ganin gida tun kafin a taka ƙafa ba, sai don wannan, ga shi kuma yanzu masu neman haya suna kuka da shi, alhali rashin amanar wasunsu ne ya haife shi.

Yau kuma ga wani sabon dillanci ya iso, wanda samarin Minna da 'yan mata, musamman ɗaliban jami'a da na kwaleji, suke yi daga cikin wayoyinsu. Kamfanin Amazon na Amurka ya buɗe tsarinsa na irin wannan dillanci a 1996, kamfanonin Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Ikko a 2012, su ma suka bi sahu. Yadda abin yake shi ne, kamfani yana ba mai talla wani linki mai ɗauke da lambarsa, shi kuma ya watsa shi a Facebook ko WhatsApp, duk wanda ya latsa, sai a ajiye wata 'yar alama a cikin wayarsa ko kwamfutarsa, idan ya yi sayayya kafin wa'adin alamar ya ƙare, wanda a Amazon awa 24 ne, sai a rubuta wa mai lambar kamasho. Lambar nan ita ce sunan dillali a cikin ƙunshi. Sai dai galibin kamfanoni suna biyan wanda aka latsa linkinsa a ƙarshe ne, ba wanda ya fara jawo hankalin mai saye ba, watau daidai akasin abin da Risala ta karantar, kuma ta wannan ƙofa ɓarayi suka shiga. Wani yana kwafe tallar da ɗan'uwansa ya sha wahalar shiryawa, ya cire lambarsa ya sa tasa. Wani yana cusa alamarsa a na'urorin mutane ba tare da sun latsa komai ba. A kan irin wannan ne wata kotun Amurka ta ɗaure Shawn Hogan wata 5 a 2014, mutumin da kamfanin eBay ya biya fiye da dala miliyan 28 na kamasho. A watan Disamba na 2024 kuma aka zargi manhajar Honey, wadda kamfanin PayPal ya saya a kan kimanin dala biliyan 4, da sauya lambar masu talla da tata a daidai lokacin biya. Kamfanin ya ce yana bin ƙa'idar da kowa ke bi ne ta latsawar ƙarshe, masu talla suka shigar da ƙara, Google kuma ya tsaurara dokokin irin waɗannan manhajoji a watan Maris na 2025.

Masu sana'ar suna da dabarunsu. Suna lulluɓe linki ta yadda lambar ba za ta fito fili ba, suna bi da shi ta adireshin da suka mallaka da kansu, suna neman kamfani ya ba su wata kalmar rangwame da ke ɗauke da sunansu, wadda mai saye zai rubuta da hannunsa, suna buga sunansu a jikin hoto da bidiyo, suna kuma kwatanta yawan waɗanda suka latsa da yawan cinikin da aka rubuta musu, domin su gane ranar da aka fara yi musu ƙwange. Duk wannan yana da amfani, kuma ina shawartar kowa ya yi. Amma a ganina lulluɓewa kaɗai ba ta isa, domin abin da ya tsare dillalin Kurmi da na Gwada abu uku ne waɗanda linki ba shi da ko ɗaya: shaidun da suka ga wanda ya fara, shugaban da ake kai ƙara gabansa a yini guda, da alhakin kaya a wuyan mai suna. A intanet kamfani shi ne mai kaya, shi ne mai riƙe da littafi, shi ne alƙali, mai talla kuwa sau da yawa bai taɓa riƙe abin da yake yabo a hannunsa ba, idan ya lalace kuma sai ya kashe waya. Na lura cewa waɗanda ba a iya sace musu ciniki su ne waɗanda mai saye yake nemansu da suna, ya ce ta hannun wance zan saya, domin wancan karon da takalmi bai yi mini ba ita ta tsaya har aka sauya.

Saboda haka ina kira ga matasanmu masu wannan sana'a a Minna da su haɗa kansu su yi ƙungiya mai rajista da shugabanni, kamar yadda dillalan kara da na doya suke da su, su je wurin waɗannan dattawa su tambaye su yadda ake raba gardamar wanda ya fara da wanda ya faɗo, su rubuta shi ya zama ƙa'ida tsakaninsu da 'yan kasuwar Kure da Kasuwar Gwari da suke yi wa talla, a ƙayyade la'ada da wa'adinta tun kafin a saki hoto. Malamanmu kuma, masu karantar da Risala da Askari da Muhtasar a Limawa da sauran unguwanni, idan sun iso babin ciniki da ji'ala, su faɗa wa almajirai a fili cewa karɓar lambar mai gida a bayan idon dillali, da cire lambar wani a sa ta kai, cin dukiyar mutane ne da ɓarna, kuma wajibi ne a mayar wa mai ita.